Ciwon Ƙugu Mai Daɗewa a Zangon Kumasi: Iyakar Abin da Fisiyo da Tausa Ke Iya Yi

Ciwon ƙugu na cikin koke-koken da aka fi ji a unguwannin Zangon Kumasi, daga Aboabo da Asawase har Sabon Zango da Sawaba, kuma duk wanda ya kama ba ya rasa masu ba shi shawara. Wani ya ce basir ne ya hau baya, a nemi jiƙo. Wani ya ce sanyi ne. Wannan ya tura shi wurin wanzami a yi masa ƙaho, wancan ya ce ƙashi ne ya goce, sai maɗori. In kuwa ya je asibiti aka ba shi takardar ganin likitan fisiyo, sau da yawa yakan dawo gida yana ganin an raina ciwonsa, domin ya je da tsammanin allura da hoto, sai aka ɓuge da koya masa yadda zai riƙa jawo gwiwa zuwa ƙirji yana kwance a tabarma. Ruɗanin yana da tushe biyu: rashin sanin abin da ke kawo ciwon, da rashin sanin iyakar abin da hannun wani zai iya yi wa bayan wani.

Ma'anar kalmomin

Ciwon ƙugu, ko ciwon kwankwaso, shi ne zafi ko ƙagewa tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da mazaunai, wani lokaci yana sauka zuwa cinya ko ƙafa. Ana kiransa mai daɗewa idan ya wuce wata 3 bai tafi ba, ko da yana lafawa yana tashi. A wannan yanki akwai ƙasusuwa 5 jere da juna, tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi mai rage gogayya, sai ƙananan gaɓoɓi ta baya, da tsokoki, da jijiyoyin da ke fitowa daga laka suna gangarawa ƙafafu.

Fisiyo gajeren sunan fisiyoterafi ne, reshen aikin asibiti da ke magani ta hanyar motsa jiki da aikin hannu da koyar da majiyyaci. A Kano da Zariya an fi saninsa da gashin ƙashi, amma gashi ƙaramin ɓangare ne na aikin. Aikin hannu kuma iri uku ne. Akwai tausa, wato murza tsoka. Akwai motsa gaɓa a hankali, a danna a saki, ana maimaitawa. Akwai kuma tura gaɓa da sauri sau ɗaya, wanda yawanci ake jin ƙara ƙas. Wannan na uku shi ne babban jarin masu kairofraktik, wata hanyar magani da D. D. Palmer ya ƙirƙiro a Amurka a 1895, wadda yanzu ake samun masu yin ta a manyan biranen Gana.

Inda ciwon yake fitowa

Ƙididdigar da mujallar Lancet Rheumatology ta wallafa a 2023 ta nuna mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya a 2020, ana kuma hasashen za su kai miliyan 843 a 2050, kuma Afirka da Asiya ne za su fi ganin ƙaruwar. Babu wata cuta da ta kai shi hana mutane aiki. Ƙididdigar ta danganta kusan kashi 39 cikin 100 na wannan nauyi ga abubuwa uku: yanayin aiki, shan taba da ƙiba.

Na farkon shi ne ya fi shafar Zango, wanda tun kafuwarsa a kan fataucin goro da dako ya tsaya. Masu sauke buhunan albasar Nijar daga tirela, 'yan matan kayayei da ke ɗaukar kaya a ka tsakanin Kejetia da Adum, makanikan Suame Magazine da ke wuni a duƙe cikin inji, masu gwangwan a Akwatia Line, telolin da ke kwana a kan keke gab da salla, direbobin motar haya ta trotro da keken haya na pragya da ramukan hanya ke jijjigawa tun asuba, da mata masu waakye da koko da ke sauke manyan tukwane daga murhu mai ƙasa, duk bayansu ne jarinsu.

Duk da haka, abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne a kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon ba a iya nuna wani wuri guda a ce ga abin da ya lalace. Ciwon gaskiya ne, ba raki ba ne, amma haɗuwar abubuwa ce: tsokar da ta gaji, gaɓar da ta ƙage, ƙarancin barci, damuwar bashi ko ta gida, da jijiyoyin da suka daɗe suna aika saƙon zafi har suka zama masu saurin tunzura, ƙaramin motsi ma ya ishe su. Tsoro na ƙara wa abin ƙarfi. Wanda aka ce masa bayansa ya lalace yakan daina lanƙwasawa, ya riƙa tafiya a sanƙare, tsokar ta ƙara rauni, ciwon ya samu wurin zama.

A nan ne maganar hoto ta shigo. Mutane da yawa na tara kuɗi su yi hoton MRI, su fito da takarda mai cewa faifai ya zaizaye ko ya bulluƙo, daga ranar su ɗauki kansu nakasassu. Wani nazari na 2015 da ya tattara hotunan mutanen da ba su da ciwon baya ko kaɗan ya gano zaizayar faifai a kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20, da kashi 96 na 'yan shekara 80. Bulluƙowar faifai kuma ta tashi daga kashi 30 zuwa 84 a tsakanin shekarun nan. Ke nan yawancin abin da hoton ke nunawa alamar shekaru ce. Faifan da ya fito ya danne jijiya ma, sau da yawa jiki kan tsotse shi da kansa cikin watanni.

Biyu daga cikin dalilan da aka fi ambata a unguwa ba su da madogara mai ƙarfi. Basir ciwon dubura ne, ba ya hawa ƙashin baya, ko da yake mutum ɗaya na iya fama da duka biyun. Allurar kashe zafi da ake yi wa mata a baya lokacin tiyatar haihuwa kuma takan bar tsami na 'yan kwanaki a wurin, amma bincike bai nuna tana jawo ciwo mai daɗewa ba. Nauyin ciki da goyo da komawa aiki da wuri sun fi kusa da zama dalili.

Alamun da ba a kai wa mai tausa

Kafin a yi maganar tausa ko motsa jiki, dole a tace 'yan tsirarun da ciwonsu ke da wata cuta a ƙarƙashi. Idan fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suka riƙa kuɓucewa, ko aka daina jin taɓi a matse-matsi da mazaunai, ko ƙafa ta riƙa raunana tana jan ƙasa, wannan na sashen gaggawa ne na Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye a ranar, domin jijiyoyin da aka danne ba sa jira. Ciwon baya tare da zazzaɓi da gumin dare da ramewa na iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashin baya, cutar da ake warkewa da magani idan an gano ta da wuri, wadda kuma murɗa baya ke iya mayarwa shanyewar ƙafafu. Haka wanda ya taɓa yin sankarar mama ko ta mafitsara, da tsoho ko tsohuwar da ciwon ya fara bayan faɗuwa, da mai ciwo a gefe guda tare da zafin fitsari. Masu amosanin jini, wato sikila, su ma nasu daban ne, kuma Kumasi ta daɗe da sanin wannan cuta, tunda a nan aka fara gwada jarirai tun 1995 ƙarƙashin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong.

Abin da hannu ke iya yi

Masu kairofraktik na asali da yawancin maɗora sun haɗu a kan fahimta ɗaya, cewa wani abu ne ya goce kuma hannu zai mayar da shi. Ƙarar da ake ji ita ce hujjar da ke gamsar da majiyyaci. Sai dai wannan ƙara iska ce da ke samuwa cikin ruwan gaɓa idan an buɗe ta da sauri, irin wadda ake ji a yatsu. Ƙashin baya ɗaure yake da jijiyoyi masu ƙarfin gaske, babban yatsa ba ya matsar da shi, kuma faifai ba ya komawa da dannawa.

Wannan bai sa aikin hannu ya zama banza ba. Yana sassauta tsoka, yana kwantar da jijiyoyin da suka tunzura, yana rage zafi na sa'o'i ko kwanaki, wani lokaci makonni. Nazarin da mujallar BMJ ta fitar a 2019, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 47, ya gano cewa motsawa da tura gaɓar baya na rage ciwo mai daɗewa daidai da sauran hanyoyin da ake ba da shawara a kansu, bai fi su ba, bai kuma gaza su ba, sannan ragin matsakaici ne. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta ta farko a kan wannan ciwo, ta sa tausa da tura gaɓa cikin abubuwan da za a iya yi. Hukumar NICE ta Ingila kuwa tun 2016 ta gindaya sharaɗi: kada a yi aikin hannu shi kaɗai, sai an haɗa shi da motsa jiki. Kamar tura motar da ta ƙi tashi ne. Turin na da amfani, amma in injin bai kama ba, inda masu turi suka tsaya nan motar za ta tsaya.

Daga cikin likitocin fisiyo kansu akwai masu ganin a rage aikin hannu ƙwarai, domin yana koya wa majiyyaci dogaro da wani, ya riƙa dawowa mako-mako yana biya. Wasu kuma na cewa wanda bai ji sauƙi a zuwan farko ba, ba zai dawo na biyu ba, balle ya saurari maganar atisaye. A wuri irin Zango, inda mutum ke barin cinikin yini guda don ya je asibiti, hujja ta biyu ta fi nauyi, muddin an gaya masa gaskiyar abin da hannun ke yi.

Tausar gida da man kaɗanya da gashi da ruwan ɗumi suna cikin wannan sahu, ba su da illa in an yi a hankali. Abin gudu shi ne taka baya da ƙafa, da ja da ƙarfi, musamman ga tsofaffi masu ƙashi mara ƙwari. Ƙaho yana da daraja a wurin jama'a saboda asalinsa a sunna, kuma mutane da dama na cewa suna jin sauƙi bayansa. Ta fuskar bincike hujjarsa a kan ciwon ƙugu mai daɗewa ba ta yi ƙarfi ba. Wani gwaji a Brazil a 2021 ya kwatanta ƙahon da ba a tsaga da na kwaikwayo, bai ga bambanci ba. Wanda zai yi dai ya tabbatar aska sabuwa ce, domin ciwon hanta nau'in B ya yawaita a Gana kuma ta jini yake bi. Maɗori kuwa fagensa karaya da targaɗe ne, ciwon ƙugu mai daɗewa kuma ba ko ɗaya ba ne.

Motsa jiki, da gardamar da ke kansa

Ginshiƙin maganin shi ne abin da majiyyata suka fi rainawa. Nazarin ƙungiyar Cochrane na 2021 ya duba gwaje-gwaje 249, ya gano cewa motsa jiki na rage zafi yana kuma inganta iya aiki idan an kwatanta da zama babu magani. Babu wani salo guda da ya yi wa sauran fintinƙau. Ƙarfafa tsokar ciki da ta baya da ta cinya, miƙe jiki, tafiya, duk suna aiki, kuma wanda mutum zai iya ɗorewa a kansa shi ne mafi amfani. A 2024 mujallar Lancet ta wallafa gwajin WalkBack na Ostareliya a kan mutum 701 da suka warke daga ciwon ƙugu. Waɗanda aka ɗora a kan tsarin tafiya da ƙafa tare da nasihar likitan fisiyo sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya dawo, sauran kuwa kwana 112. Doguwar kwanciya, wadda a da ake ba da shawararta, yanzu an san tana ƙara tsawon jinya.

Ga wani ƙorafi mai ma'ana: yawancin waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a ƙasashen da mutane ke wuni a kujera kuma ake biyansu in sun yi hutun rashin lafiya. A ce wa yarinyar da ke yawo da kwano a ka daga safe zuwa magariba ta riƙa tafiya da ƙafa, ba a ce mata komai ba. Matsalarta yawan nauyi ce da ƙarancin hutu da abinci. Shi ya sa aikin likitan fisiyo na gaskiya yake farawa da tambaya a kan yinin mutum. Tela da direban pragya motsi suka rasa, don haka nasu shi ne tashi a miƙe a taka kowane rabin sa'a ko makamancin haka. Ɗan dako kuwa nasa shi ne raba kaya gida biyu, neman kura ko keken kaya na aboboyaa in nisa ya yi yawa, kama buhu mutum biyu, da ƙarfafa cinya da baya a hankali har su fi ƙarfin aikin. Mai abinci a ɗaga mata murhu da wurin wanke-wanke. Nasihar nan da aka saba yi, ta a lanƙwasa gwiwa a miƙe baya wajen ɗaukar kaya, bincike bai nuna ita kaɗai tana hana ciwon ba. Rage nauyin da yawan ɗaukar ya fi salon ɗaukar tasiri.

Tambayar da kusan kowane majiyyaci a Zango ke yi ita ce ta salla. Shari'a ta sauwaƙe wa wanda ba zai iya tsayuwa ko ruku'u ba ya yi a zaune, kuma a kwanakin da ciwon ya yi tsanani wannan shi ne daidai. Amma ga mai ciwon da ba wata cuta a ƙarƙashinsa, ruku'u da sujada ba sa lalata baya, kuma komawa gare su sannu a hankali na cikin alamun samun sauƙi. Akwai mutanen da suka shekara a kan kujera a masallaci saboda wata kalma da suka karanta a takardar hoto, ba don jikinsu ya gaza ba.

Wani ɗan tsami bayan atisaye ba alamar ɓarna ba ce, in ya lafa cikin yini ɗaya ko biyu. Sauƙi kuma yakan ɗauki makonni 6 zuwa 12 kafin ya bayyana sosai, kuma burin da ake iya cimma wa mafi yawan mutane shi ne ciwon ya ragu, tashinsa ya yi nisa da juna, mutum ya koma sana'arsa. Duk mai alkawarin warkewa kwata-kwata cikin zama uku, ko a asibiti yake ko a rediyo, ya faɗi abin da babu hujjarsa.

Na'urori, ɗamara da ƙwayoyi

Abin da majiyyata suka fi so a ɗakin fisiyo shi ne na'ura, kuma ita ce ƙa'idar 2023 ta fi ragewa daraja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a mayar da na'urar jan baya, da ta girgiza fata da lantarki mai suna TENS, da ta ɗumama tsoka da sautin da kunne ba ya ji, maganin yau da kullum. Haka ɗamarar ƙugu da ake tallarta a tasha da kasuwa. Abin mamaki, man shafawa mai sinadarin barkono ya samu shiga cikin waɗanda aka yarda a gwada.

Ƙwayoyi irin su diklofenak da ibufrofen suna rage zafi, an kuma yarda da su na ɗan lokaci, amma shan su kullum na jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, yana tayar da hawan jini, kuma haɗarin ya fi ga tsofaffi da mai sha ba abinci a ciki. Tiramadol da danginsa hukumar ta ce a guje su. Gana ta ga abin da wannan ƙwaya ta yi wa matasa masu aikin ƙarfi a wajajen 2017 da 2018, lokacin da masu ƙarfin miligiram 120 da 225 suka cika gari alhali 50 da 100 kawai hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta amince da su. Da yawa sun fara ne don su iya ƙarasa aikin yini da ciwon baya. Jiƙon kwalba mara lambar rajista shi ma abin lura ne, domin akan samu wanda aka zuba wa maganin asibiti a ɓoye don ya yi saurin aiki.

Samun kulawa a Kumasi

Asibitin Komfo Anokye, wanda tsofaffi ke kira Gee, yana da sashen fisiyo, akwai kuma ɗakunan fisiyo masu zaman kansu a cikin gari. Inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, wadda aka kafa da dokar 2003, ta sa fisiyo cikin abubuwan da take biya, kuma ana sabunta kati ta waya da lambar *929#. Majalisar kula da ma'aikatan lafiya mataimaka, wadda doka mai lamba 857 ta 2013 ta kafa, ita ke ba likitocin fisiyo lasisi, masu maganin gargajiya kuma suna ƙarƙashin tasu majalisar bisa doka mai lamba 575 ta 2000. Majiyyaci na da ikon tambayar takardar duk wanda zai taɓa masa baya.

Inshora ba ta biyan kuɗin mota, ba ta kuma mayar da cinikin da aka rasa a layi. Likitocin fisiyo kaɗan ne idan an kwatanta da masu buƙata, kuma asibitin koyarwa na karɓar masu shanyewar ɓarin jiki da masu haɗarin mota daga yankuna da dama, waɗanda dole su riga mai ciwon ƙugu. Mai tausa da wanzami kuwa suna cikin unguwa, suna jin Hausa, suna sauraro, ana biyansu yadda hali ya yi. Wannan ne ya sa mutane ke fara zuwa wurinsu, kuma zai fi amfani a koya musu alamun haɗarin nan su riƙa tura mutane asibiti da a tsaya ana zarginsu.

A Mayun 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin farko na shigar da aikin farfaɗo da majiyyata cikin tsarin kiwon lafiya, har da na matakin farko. Ga ciwon ƙugu wannan ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada, tunda ana iya koyar da atisaye ga mutum goma a lokaci guda a farfajiyar ƙaramin asibiti ko makarantar Islamiyya. Abubuwa biyu ne za su yanke ko zai karɓu a Zango. Mata da yawa ba za su buɗe bayansu ga namiji ba, ba kuma za su kwanta su ɗaga ƙafa a gaban maza ba, don haka sai an ware musu aji da mace mai koyarwa. Sannan takardar atisayen da ake ba mutane su tafi da ita gida yawanci da Turanci take, alhali ɗan gajeren bidiyo da Hausa ko Dagbani ko Twi, wanda za a tura ta WhatsApp, zai kai ga ɗan dakon da ba ya karatun boko.